Nazarin Laraba: tsayawa kan gaskiya

Salama ƴan'uwa cikin Ubangiji. Nazarin Laraban nan zai kasance kan Ayyukan Manzanni sura 4 da 5, inda majalisar shugabannin Yahudawa ta hana Bitrus da Yohanna magana da sunan Yesu suka ƙi yin shiru. Don Allah kowa ya karanta kafin ya zo.

Za mu haɗa da labarin Akbishop Janani Luwum na Uganda. A Fabrairun 1977 shi da sauran bishop-bishop suka rubuta wa shugaban ƙasar na lokacin, Idi Amin, wasiƙa kan kashe-kashe da ɓacewar mutane, lokacin da kowa ya ja bakinsa saboda tsoro, ran 16 ga wata aka kira shi Kampala aka ɗora masa sharrin shirya juyin mulki a gaban sojoji, washegari gwamnati ta ce wai haɗarin mota ne ya kashe shi da ministoci biyu. Gawarsa kuwa da raunin harsashi. Ni abin da ya fi taɓa ni, yana da damar barin ƙasar amma ya zauna da garkensa.

Ƙarfe 5 a coci, matasa ban da latti. Mai tambaya ya turo nan.