Koren shayi: matsalar tana wajen dafawa da lokacin sha

Ranka ya daɗe Edita,

Muna neman ɗan fili kan koren shayi, wanda masu zaman majalisa a Kamba, Argungu da Birnin Kebbi suka daɗe suna sha da sunan atayi, yanzu kuma ake tallarsa a matsayin maganin teɓa da hawan jini.

Ganyensa ɗaya ne da na baƙin shayi, sai dai shi ana turara shi ko a gasa shi da zarar an tsinko, don kada ya yi baƙi. Abin da ya sa sinadarin katekin, mai ba shayi bauri, ya fi yawa a cikinsa ke nan. Yana wartsakar da jiki, yana kuma ɗan rage kitsen jini da hawan jini, amma kaɗan ne ƙwarai. Mai shan magani kada ya ajiye maganinsa saboda shi.

A tafasa ruwa a sauke, a bari ya huce kamar minti 5. A zuba ƙaramin cokali ɗaya na ganye, wajen giram 2, a kofi guda, a tace bayan minti 2 zuwa 3. Idan aka bar buta a kan garwashi tana ta ɓararraka, ganyen kan saki ɗacinsa duka, sai mai haɗawa ya yi ta antaya sukari har kumfa ta yi danƙo a bakin kofi. Mai ciwon siga da ya sha zagaye uku na irin wannan, cuta ya saya.

Inda muka fi damuwa shi ne jini. Sinadarin da ke kawo baurin shayi yana riƙe sinadarin ƙarfe da ke cikin wake, zogale da miyar kuka, ya hana hanji tsotse shi yadda ya kamata. Don haka a ba da tazarar aƙalla awa ɗaya tsakaninsa da abinci, kuma kada mai juna biyu ta kora ƙwayar ƙarin jini da shi. Kofi ɗaya na ɗauke da sinadarin kafeyin mai hana barci wajen miligiram 30, mai juna biyu kuwa an fi so kada ta wuce 200 a yini, har da lissafin goro da Nescafé. Shan shayin da cikin wofi na kawo tashin zuciya, na dare kuma yana hana barci.

Ƙwayoyin rage ƙiba da ake tatsa daga ganyen sun fi ruwan shayin haɗari. A 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta ce miligiram 800 na sinadarin EGCG, wani nau'in katekin, a yini na iya taɓa hanta. Duk mai shan su da ya ga idonsa ya yi rawaya ko fitsarinsa ya yi duhu, ya daina ya nufi asibiti. Masu shan warfarin (maganin hana daskarewar jini) ko nadolol (maganin hawan jini) kuma su tuntuɓi likitansu tukuna.

Daga wasu ma'aikatan lafiya,
Birnin Kebbi