Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Gidaje da Ƙananan Hukumomi na Birtaniya Kan Wuraren Fakin Na Masu Yara

Mai girma Minista,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri, da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Bayan haka, ni uwa ce mazauniyar arewacin Ingila, kuma na rubuto maka ne a kan wuraren fakin da manyan kantuna ke keɓe wa masu ƙananan yara, waɗanda ake zana hoton babba riƙe da hannun yaro ko hoton keken jarirai a ƙasansu. Na zaɓi in yi maganar a fili, kuma da harshena, domin 'yan'uwana Hausawa da ke zaune a Landan da Manchester da sauran garuruwan ƙasar nan su karanta, don akwai kasonsu a ciki.

Abin da nake roƙo shi ne gwamnati ta fayyace, a rubuce, wanda aka yi wuraren nan dominsa. A yau babu wata dokar ƙasa da ta faɗi haka. Filin ajiye motoci na kanti fili ne mai zaman kansa, don haka kowane kanti da abin da ya ga dama. Wani allon zai ce yaro ɗan ƙasa da shekara 12, wani ya ce ɗan ƙasa da 5, wani kuwa ba komai a kansa sai zane. A wani wurin ana barin mai juna biyu ta tsaya, a wani wurin sai ta shiga ciki ta nemi izini tukuna, alhali tafiyar ce take gudu tun farko. Direban da ya tsaya ba yaro bai karya dokar ƙasa ba, sharaɗin mai fili kawai ya saɓa, idan ma an rubuta sharaɗin. Wannan ne ya sa kullum ake harara da cacar baki a bakin kantuna, kowa yana ganin shi ke da gaskiya.

Mutane da yawa, har da iyayen kansu, sun ɗauka gata ne aka yi wa masu yara don kada su yi doguwar tafiya. Shi ya sa marasa yara ke jin haushi, suna cewa haihuwa ba ciwo ba ce, me ya sa za a fifita wani a kansu? Ranka ya daɗe, amfanin wurin nan faɗinsa ne. Gurbin fakin da aka saba zanawa a ƙasar nan faɗinsa mita 2.4 ne, tsawonsa mita 4.8, kuma an daɗe a kan wannan awo. Motoci kuwa sai ƙara ƙiba suke yi. Ƙungiyar Transport & Environment ta fitar da bincike a farkon 2024 da ya nuna matsakaicin faɗin sabuwar mota a Turai ya haura santimita 180, kuma yana ƙaruwa da kusan santimita 1 duk shekara biyu. In ka cire 180 daga 240, saura 60, wato 30 a kowane gefe. Ko da maƙwabcinka ya daidaita tasa motar a tsakiya, abin da ke tsakaninku bai wuce santimita 60 ba. Baligi zai iya matse cikinsa ya sulale ta nan. Amma kujerar jariri, wadda ake ciro ta dungurungum da jaririn a ciki, ba ta fita sai an wangale ƙofa. Haka ma ɗan shekara biyu da ke ɗaure da bel: dole ka shigar da rabin jikinka cikin motar ka kwance shi, in kun dawo ka sake sunkuyawa ka ɗaure shi, ka ja bel ɗin ka tabbatar ya kama.

Kuma gwamnati ce ta wajabta kujerar. Doka ta ce yaro ya zauna a kujerar yara har ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135, duk wanda ya riga zuwa, kuma a sabon tsarin kujerun jariri yana fuskantar baya har ya wuce wata 15. Doka ce mai kyau, tana ceton rai, ba ni da ja a kanta. Sai dai wanda ya ce lallai a ɗaure yaro, ya kamata ya damu da inda za a tsaya a ɗaure shi. Na sha ganin uwa ta dawo ta tarar an matse motarta ta kowane gefe, ta ajiye jaririnta a cikin kekensa a kan hanyar da motoci ke bi, ta shiga ta ja motar baya tana waiwaye, don kawai ta samu damar buɗe ƙofa. Duk wanda ya taɓa ganin haka sai gabansa ya faɗi. Yaro ɗan shekara uku bai kai tsayin gilashin bayan manyan motocin nan ba, mai yin ribas ba ya ganinsa.

To wa ya cancanta? A ganina, duk wanda ke tare da yaron da ba zai iya fita daga mota ya tsaya da kansa cikin aminci ba. Iyakar shekara 12 da wasu kantuna ke sawa an kwaso ta ne daga dokar kujera, kuma ta yi yawa. Ɗan shekara goma yana kwance bel ɗinsa, ya buɗe ƙofa, ya tsaya inda aka ce ya tsaya. Mu da muka taso inda ake aiken ɗan shekara bakwai kasuwa mun san haka sarai. In an bar iyakar a 12, wuraren da ba su da yawa za su cika da masu manyan yara, mai jego ta yi ta zagaye. Ni dai da za a ji ta tawa, a tsayar da ita a shekara 5, lokacin da yaro ya shiga makaranta, sannan a buɗe ƙofa ga yaron da ya wuce haka amma yana da wata lalura, kamar yara masu galahanga da kan fizge su ruga cikin motoci ba tare da sanin haɗari ba.

Kada kuma a ce sai uwa ko uba. Kaka da ta zo taya 'yarta wankan jego, da ƙanwar uwa, da mai reno, da maƙwabciyar da ta ɗauko yaran wata daga makarantar rainon yara, dukansu ƙofa ɗaya za su buɗe, kujera ɗaya za su ciro. Yaron aka yi wa wurin, ko wa ya riƙo shi.

Maganar mai juna biyu ita ta fi tsaya mini a rai. Matar da cikinta ya tsufa ba ta iya fita ta ratar santimita 60, wannan ba ya buƙatar bincike. Ga ciwon ƙugu da na mara da ke sa wasu matan tafiya da ƙyar tun cikin bai girma ba. Dokar daidaito ta 2010 ta sanya juna biyu da jego cikin abubuwan da aka hana nuna wariya a kansu, amma a bakin kanti matar tana tsaye tana yi wa baƙo bayanin jikinta. A wajen matanmu abin ya fi nauyi. Mai sanye da abaya ko dogon hijabi ba a ganin cikinta sai ya kusa fita, kuma a tarbiyyarmu mace ba ta shelar ciki, ko a gida kunyar faɗa take yi, balle ga namijin da ya ƙwanƙwasa mata gilashi yana tambayar ina yaron. Da yawa sukan haƙura su tafi can ƙarshen fili. Italiya ta warware wannan tun 2021, lokacin da ta shigar da wuraren masu ciki cikin dokar hanyarta: ƙaramar hukuma ce ke bayar da takardar izini ga mai juna biyu ko iyayen yaron da bai wuce shekara 2 ba, a ajiye ta a gaban mota, wanda ya tsaya ba takarda a ci shi tara. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ma a 2023 ya fara mayar da wuraren da a da aka keɓe wa mata kaɗai zuwa na iyali, wato masu ciki da masu ƙananan yara da masu rakiyar tsofaffi. A nan Ingila ungozoma ko likita na bai wa mai ciki takardar shaidar juna biyu, wato MAT B1, daga mako na 20. Ba abu ne mai wuya ba a haɗa mata da ɗan kati da za ta ajiye a gilashi, ya yi mata magana, ita ta yi shiru.

Akwai waɗanda ba na so a taɓa su ko kaɗan a wannan gyara, su ne masu katin Blue Badge, wato katin izinin fakin na masu naƙasa. Tsarinsu ya samo asali ne daga dokar 1970 ta masu naƙasa da masu doguwar jinya, kuma tun watan Agustan 2019 aka faɗaɗa shi a Ingila ya haɗa da lalurorin da ido ba ya gani. Idan wurarensu sun cika, mai katin ya tsaya a na masu yara, ba tare da wani ya ɗaga masa murya ba. Amma mai yaro ba shi da hurumin shiga nasu, ko da 'yan uku ya ɗauko. Ɗana zai girma ya daina buƙatar kujera nan da 'yan shekaru, mai keken guragu kuwa da abinsa zai ci gaba da rayuwa.

Na san abin da za a ce: fili ne na 'yan kasuwa, ina ruwan gwamnati? Ai ruwanta ya daɗe da shiga. Dokar 2012 da ta hana ɗaure tayar mota a filaye masu zaman kansu ita ce kuma ta ba kamfanonin fakin damar bin mai motar bashi idan ba a san direba ba. Hukumar DVLA mai rajistar motoci ce ke ba su suna da adireshin mai mota a kan fam 2.50. A 2015 Kotun Ƙoli, a shari'ar kamfanin fakin na ParkingEye da wani direba mai suna Beavis, ta tabbatar da cajin fam 85 a kan mutumin da ya wuce awa biyun da aka ba shi kyauta a wani fili a Chelmsford. Sannan a 2019 Majalisa ta zartar da dokar da ta umarci gwamnati ta rubuta ƙa'ida guda ga duk filaye masu zaman kansu. An fitar da ƙa'idar a Fabrairun 2022, kamfanoni suka garzaya kotu saboda an rage musu kuɗin tara, aka janye ta a watan Yuni na shekarar. Ƙungiyoyin kamfanonin biyu, BPA da IPC, suka rubuta tasu da kansu ta fara aiki a Oktoban 2024, kuma a Yulin 2025 ma'aikatarka ta sake neman ra'ayin jama'a kan sabuwar ƙa'ida. Ke nan alƙalamin yana hannunka. Ma'anar wurin masu yara ba za ta ci fiye da sakin layi ɗaya a cikinta ba, da awon faɗinsa, da abin da dole a rubuta a allo da manyan haruffa.

Amma ina da fargaba ɗaya, kuma babba ce. Kada gyaran ya zama an ba kura ajiyar nama. Kamfanonin nan da tara suke ci, suna iya cajin har fam 100, kuma yawancinsu kyamarar da ke karanta lambar mota suke dogara da ita. Kyamarar nan ta san lokacin shiga da na fita, amma ba ta san wanda ke kujerar baya ba. Idan za a ci wani tara a kan wurin masu yara, to ma'aikaci ne ya gani da idonsa, ya ga direban ya fita ba yaro, ya kuma ga ya dawo ba yaro, domin uba na iya zuwa shi kaɗai don ya ɗauki matarsa da jaririnsu da ke cikin kantin. A kuma sauƙaƙa ɗaukaka ƙara a POPLA da IAS, wato ofisoshin da ke sauraren ƙorafi kan tarar fakin, yadda takardar asibiti ko ta haihuwa za ta isa a soke tarar nan take. Yawancin waɗanda takardun nan ke tsoratarwa baƙi ne da masu ƙaramin ƙarfi, su biya cikin kwana 14 don su samu ragi, ko da suna da gaskiya.

Hanya mafi sauƙi ta rage rigimar ma ba ta buƙatar tara. A ɗauke wuraren masu yara daga bakin ƙofa, a bar wa masu naƙasa gaba. A kai namu gefen gini ko can baya, muddin akwai faɗi, da hanyar ƙafa mai shinge da za ta kai mu ƙofa ba tare da ratsa motoci ba, da wurin ɗaukar keken sayayya a kusa don kada a bar yaro shi kaɗai a mota a je mayar da shi. Mai gaggawar da ya zo sayen burodi kusanci yake nema, in babu kusancin ba zai waiwayi wurin ba. Ma'aikatarka ce ke riƙe da tsarin gine-gine, tana iya sa wannan cikin shawarar da ƙananan hukumomi ke bi kafin su amince da sabon fili.

Sai ku 'yan'uwana da ke karanta wannan, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kujerar yaro da ke ɗaure a bayan mota ba yaro ba ce. In ka baro yaran a gida, wurin ba naka ba ne ranar. In maigida zai zauna a mota da yara, uwargida ta shiga ita kaɗai, ba wanda zai buɗe ƙofar baya, don haka ku nemi wani gurbin. Cewa minti biyar kawai zan yi ba hujja ba ce, a cikin minti biyar ɗin ne wata mai jego za ta iso ta rasa. Haƙƙi ne, kuma mun san matsayin haƙƙin wani a wajen Allah ko ba kyamara. In kuma kun ga wani ya tsaya ba yaro, ku faɗa wa ma'aikatan kantin, kada ku tare shi da faɗa, domin ba ku san abin da yake ɗauke da shi a jikinsa ba.

Mai girma Minista, abin da nake jira in gani a ƙa'idar shi ne iyakar shekaru guda ɗaya a duk ƙasar, da sunan mai juna biyu a rubuce a kan allon, da sharaɗin cewa mutum ne zai duba kafin a aika wa kowa takardar tara. Allah ya taya ka riƙo, ya ba ka ikon yin adalci.

Wassalam,
Wata uwa Bahaushiya daga arewacin Ingila