Gadar da kuka buga tana da tarihi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. A makon jiya kun buga labarin cinikinmu da ƙasar Sin, kuka ƙawata shi da zanen wata gada maƙil da jama'a, ba ku ce komai a kanta ba. Ni kuwa na san gadar nan, don kwafin zanen yana cikin akwatina tun wani zuwa da na yi Guangzhou sarin kaya.

Guntu kuka yanko. Asalinsa dogon ƙyallen siliki ne, tsawonsa ya haura mita 5, faɗinsa kamar santimita 25. Zhang Zeduan ne ya zana shi a ƙarni na 12, zamanin daular Song, yana nuna Kaifeng, babban birninsu, da kogin Bian.

Ba rataye shi ake yi a bango ba. Warwarewa ake yi kaɗan-kaɗan, daga dama zuwa hagu kamar karatun allo, hagu na buɗewa dama na naɗewa. Sai da mai shagon ya nuna mini, don ni da farko shimfiɗa shi na yi kamar mai auna shadda. Za ka fara da bayan gari tsit, 'yan jakuna da kayansu, sannan jiragen ruwa da 'yan dako.

A gadar ne hankali ke tashi. Wani babban jirgi ya taho zai wuce ta ƙarƙashinta, ba a gama kwantar da dogon sandansa ba. Matuƙa sun rikice, na saman gada sun leƙo suna nuni da hannu, kowa ya zama malamin tuƙi. Masu talla kuwa ko a jikinsu. To, daidai jirgin nan kuka datse, aka bar mutane suna leƙen abin da babu shi.

Can gaba, a ƙofar gari, har ayarin raƙuma akwai. Mahaifina da ya gan su cewa ya yi ashe su ma suna da fatake.

A 1127 Jurchen, wata al'umma daga arewa, suka ci Kaifeng da yaƙi, sarautar Song ta koma kudu. Zanen ya tsira, yana gidan tarihi na fadar sarakuna a Beijing, ba kasafai ake fito da shi ba.

Don Allah in za ku sake buga shi, ku bar mana jirgin, ku sa sunan mai zanen a ƙasa.

Naku,
Wani ɗan kasuwa daga Kano