Wasiƙa: Kafin ka sayi wiskin rai, karanta jikin kwalbar

Ya Edita,

Bayan gaisuwa, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan abin da ba kasafai ake rubuta shi da Hausa ba. Na san mafi yawan masu karatunku Musulmi ne waɗanda addininsu ya haramta barasa, kuma ba kiran kowa nake yi zuwa gare ta ba. Sai dai na yi shekaru ina aiki a mashayar wani otal a nan Kaduna, kuma har yanzu ina ganin yadda masu sha daga Barnawa zuwa Sabon Tasha suke zuba kuɗi a kan kwalaben da ba su san abin da ke cikinsu ba, musamman wiskin da aka rubuta wa Rye, wanda ya fara shiga ran matasa masu son a ce sun waye.

Rai ɗin nan ba shi da dangantaka da ran da ke jikin mutum. Wani hatsi ne ɗan uwan alkama da sha'ir wanda yake yi a ƙasashe masu sanyi. A Amurka, doka ba ta yarda a kira wiski da wannan suna ba sai hatsin rai ya kai aƙalla kashi 51 cikin ɗari na abin da aka jiƙa, kuma sai an adana shi a sabuwar gangar katakon ok wadda aka babbake cikinta, sannan ƙarfinsa a kwalba bai gaza kashi 40 ba. Wannan hatsi shi ne yake ba shi ɗan yaji a harshe, irin na masoro da kanumfari, saɓanin Bourbon wanda masara ta fi yawa a cikinsa, shi ya sa ya fi zaƙi. Abin tsoho ne a can, domin jihohin Pensilbaniya da Meriland sun shahara da shi, kuma Joj Washintan, shugaban Amurka na farko, da kansa yana da wurin dafa shi a gonarsa a 1799. Haramcin barasa na 1920 zuwa 1933 ne ya durƙusar da sana'ar, ta daɗe kafin ta farfaɗo.

Inda na fi ganin ana yaudarar kai shi ne wajen wiskin Kanada. A can al'ada ta sa ana kiran wiskinsu rai ko da masara ce kusan gaba ɗayansa, kuma dokarsu ta yarda da haka. Ba jabu ba ne, amma wanda ya saya yana neman yaji zai tarar da abu mai laushi, ya yi zaton an cuce shi. Saboda haka abu na farko shi ne a duba ƙasar da aka yi shi.

Bayan wannan akwai kalmomi biyu da suka fi kowane adon kwalba muhimmanci. Idan an rubuta Straight, ma'anarsa ya yi aƙalla shekara biyu a ganga kuma ba a ƙara masa launi ko ɗanɗano ba, kuma idan bai kai shekara huɗu ba dole ne a rubuta shekarunsa. Idan kuwa an rubuta Bottled in Bond, to yana ƙarƙashin wata doka ta 1897 wadda ta ce sai ya fito daga wurin dafawa guda a cikin zangon dafawa guda na shekara, ya yi shekara huɗu ko fiye, kuma ƙarfinsa kashi 50 daidai. A ganina irin wannan, kamar Rittenhouse, shi ya fi dacewa da gauraye, domin idan aka haɗa Manhattan, wato awo biyu na wiski da awo ɗaya na jan bamut (wata giyar inabi mai kayan ƙamshi) da ɗigo biyu na ruwan ɗaci mai suna Angostura, aka juya da ƙanƙara, mai rauni yakan ɓace a cikin haɗin, mai kashi 50 kuwa yana nan da muryarsa. Wanda zai kurɓa shi kaɗai, gara ya nemi wanda ya daɗe a ganga, ya ɗiga masa ruwa kaɗan, ya bar shi ya ɗan huta a tambulan. Mai son yaji sosai ya nemi irin Bulleit, wanda rai ya kai kashi 95 a cikinsa. Amma sayen mai tsada domin a tuttula masa Coca-Cola, kamar yadda na sha gani a teburin manyan baƙi, asarar kuɗi ce kawai.

Duk wannan bayani ba shi da amfani idan abin da ke cikin kwalbar ba shi ne aka rubuta a jikinta ba, kuma wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Lokacin da nake aiki, kusan kowace safiya wasu samari sukan zo ƙofar baya suna neman kwalaben da aka shanye. Da farko na ɗauka 'yan jari bola ne, sai na lura ba sa taɓa kwalbar lemo, kuma sukan ƙara kuɗi idan marfin yana nan, takardar ba ta yage ba, kwalin bai jiƙe ba. Wata rana wani baƙo ya zo da tasa kwalbar ya ce in buɗe masa. Marfin ya juya ba tare da ya yi ƙara ba, akwai ɗan danƙon gam a wuyanta, kuma da na shinshina sai na ji warin sinadari maimakon ƙanshin katako. Ya ce rabin kuɗi ya saye ta, yana murna ya yi tsintuwa.

Shi ya yi sa'a domin hanci ya tona asirin, amma sinadarin metanol, wanda masu haɗa jabu kan yi amfani da shi, ba a iya bambanta shi da barasar gaskiya ta wari ko ɗanɗano. Yana makantarwa, yana kisa, kuma alamunsa sukan jinkirta har wuni guda. Mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas a 2015 bayan sun sha ogogoron da ke ɗauke da shi. Duk wanda ya sha, ya fara ganin hazo-hazo tare da amai da ciwon ciki, a garzaya da shi asibiti, kada a ce a bar shi ya yi barci maye ya sake shi.

Ina roƙon masu saye su duba lambar rajistar NAFDAC da hatimin marfi, su saya a kantin da zai ba su rasit, su guji mai arhar da hankali ba zai ɗauka ba. Abokan tsohuwar sana'ata kuma ina roƙonsu su riƙa yage takardar kowace kwalba, su fasa marfinta kafin ta fita ta ƙofar baya, kamar yadda muka koma yi tun daga ranar da na buɗe waccan kwalbar.

Naku,
Wani tsohon ma'aikacin otal,
Barnawa, Kaduna.