Godiya ga Sashen Tiyatar Ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos

Assalamu alaikum.

Na rubuto ne a madadin iyalanmu da ke Unguwar Rogo, domin mu gode wa likitoci da ma'aikatan jinya na wannan sashe da ke Lamingo, tare da masu ɗaukar hoto, kan ɗawainiyar da suka yi da mahaifiyarmu.

Hajiya ta daɗe da ciwon kai, daga baya fatar idonta na hagu ta sauko, tana ganin abu ɗaya ya zama biyu. Hoton farko da aka yi mata a wani wuri ya nuna dunƙule a gindin ƙwaƙwalwa, aka ce ƙari ne. Da wannan takardar muka zo muku, muna roƙon a yi aiki da wuri.

Babban likitan bai yi gaggawa ba. Ya daɗe yana duban hoton, sannan ya ce, "Hajiya, ki ƙara mana haƙuri, sai mun ga jijiyoyin jinin kafin mu taɓa komai." Aka yi mata allurar rini, aka sake ɗaukar hoton jijiyoyi. Ashe jijiyar jini ce ta yi rauni ta kumbura kamar balan-balan. Ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa: idan irin wannan kumburi ya kai milimita 25, ana lissafa shi cikin manya, kuma sau da yawa jini kan daskare a cikinsa hawa-hawa, sai ya fito a hoto tamkar tsoka. Da an sa wuƙa da niyyar yanko ɗan yanki don gwaji, jinin da zai ɓalle ba kowa ke tashi ba. Har yau idan na tuna wannan magana jikina sanyi yake yi.

Wannan natsuwar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Mu muna matsa musu, dangi na ta waya, amma suka tsaya kan sai sun tabbatar. Su suka tsara mana takardun zuwa inda aka toshe kumburin, kuma su ke duba hawan jininta har yanzu.

Ma'aikatan jinya kuwa, "Mama" suke ce mata, ko tsakar dare ta kira sai sun zo.

Hajiya ta koma Islamiyyarta, idon ma yana buɗewa a hankali. Allah Ya saka muku da alheri, Ya albarkaci zuri'arku.

Naku,
Babban ɗan Hajiya,
Unguwar Rogo, Jos