Sabis cike taf amma kira ba ya shiga a Kaduna

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni fili in yi magana kan netwok a garin nan namu. Ka shiga Kasuwar Sheikh Gumi da azahar, sabis cike taf a waya amma kira ba ya shiga, mai POS na ta ɗaga na'ura sama yana juyawa, an cire wa kwastoma kuɗi takarda ba ta fito ba, kafin ka ce me an fara cacar baki tsakanin mutanen da ba su da laifin komai.

Jama'a na cewa babu sabis, alhali cunkoso ne. Kowane ƙarfen sabis akwai iyakar abin da zai iya ɗauka, a GSM ɗin da ya shigo mana a 2001 kowace tasha gida 8 ake raba ta, in sun cika sai ka jira. A 4G kuwa na'urar da ke ƙarfen tana sake rabo har sau 1,000 cikin daƙiƙa ɗaya, tana duba wa ke kusa, wa ya daɗe yana jira, wa ke kira, wa ke kallon bidiyo, kuma ana iya tura wasu wayoyin zuwa ƙarfen maƙota in shi bai cika ba. To ai mutanen Kaduna ba zaune suke waje guda ba, da rana suna kasuwa da Ahmadu Bello Way da tashar Kawo, da dare duk sun koma Rigasa da Tudun Wada, ranar Juma'a ga masallacin Sultan Bello. Me zai hana a saita rabon ya riƙa bin jama'a?

Abin da ya fi damuna shi ne fifiko. Mai neman asibiti cikin dare ko mai kiran lambar gaggawa ta 112 bai kamata bidiyon TikTok ya tare masa hanya ba, haka ɗan saƙon tiransifa da ko datar kirki ba ya ci.

Gaskiya rabo kaɗai ba zai wadatar ba, unguwa irin Rigasa tana buƙatar ƙarin ƙarafa, masu aikin titi kuma su daina datse wayar faiba. Amma tunda hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 na kuɗin kira da data a Janairun 2025, muna roƙonta ta zo ta auna ingancin sabis a cikin kasuwa lokacin da ta cika, unguwa unguwa, ta kuma buga sakamakon da Hausa mu gani.

Wassalam,
Mai karatunku daga Tudun Wada, Kaduna