Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Mai Martaba Sarkin Zazzau Kan Dutsen Kufena Da Masu Hawansa

Zuwa ga Mai Martaba Sarkin Zazzau, Ambasada Ahmed Nuhu Bamalli,
Fadar Zazzau, Birnin Zariya.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da biyayya, ina neman izinin gabatar da wata buƙata wadda a ido ƙarama ce, amma ta shafi tarihinmu da lafiyarmu baki ɗaya. Buƙatar ita ce a shata wa Dutsen Kufena iyaka, a fitar masa da sananniyar hanyar da masu hawa da ƙafa za su riƙa bi, a kuma keɓe wata ta masu keke a gindinsa, tun kafin gine-gine da masu fasa dutse su cinye abin da ya saura.

Ranka ya daɗe, ba ni ne zan gaya wa Fada matsayin Kufena ba. Tun kafin a kafa birnin da muke ciki akwai mutane zaune a Kufena da Turunku, kuma masana tarihi na danganta kafuwar Zariya ta yanzu da Bakwa Turunku a wajajen shekarar 1536. Har gobe akwai burbushin tsohuwar ganuwa a kewayen dutsen, shi kansa kuma yana cikin wuraren da gwamnatin tarayya ta ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa, kamar yadda ta ayyana ganuwar birni. Duk da haka, yaro zai tashi a Tudun Wada ko Gyallesu, ya haddace sunan Sarauniya Amina don cin jarrabawa, ya gama sakandare bai taɓa taka dutsen da yake hangowa kullum ba. Wannan abu yana damuna ƙwarai.

Ba wai ba a hawa ba ne. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello daga Samaru da Kongo, da samarin Wusasa da na cikin birni, sukan hau a ranakun Asabar da lokutan hutun Sallah, sai dai kowa da inda yake bi. Wanda ya taɓa hawa da damina ya san yadda fuskar dutsen ke yin santsi bayan ruwa ya ɗauke, inda gansakuka ta kwanta baƙi-ƙirin a kan falalen da ruwa ke gangarowa, har mutum ya cire takalmi ya kama rarrafe da hannu da ƙafa, alhali kuwa ɗan nesa kaɗan akwai wuri mai sauƙin bi wanda ’yan unguwa kaɗai suka sani. Idan an kai sama, ga gari nan shimfiɗe da gonaki da bishiyoyin rimi, iska na kaɗawa, amma a ƙarƙashin ƙafa ledojin ruwa ne da fasassun kwalabe, a jikin dutse kuma sunayen da aka rubuta da fenti. Babu allon da ke gaya wa baƙo inda yake tsaye, balle wanda za a kira idan wani ya zame ya karye.

Akwai wani wuri mai nisa da ya warware irin wannan matsala ta hanyar da ba ta fi ƙarfinmu ba. A Hong Kong, kudancin ƙasar Sin, akwai tsibirin Lantau, a bakin tekunsa kuma akwai ƙaramin gari mai suna Mui Wo, wanda duwatsu suka kewaye ta baya, kuma akasarin zirga-zirgar mutanensa a kan keke ce. Tun a shekarar 1976 hukumomin can suka yi dokar da ta keɓe duwatsu da dazuzzuka a matsayin wuraren da ba a gini, har ta kai kusan kashi 40 cikin ɗari na ƙasar Hong Kong yana ƙarƙashin wannan kariya, duk da matsanancin ƙarancin fili da suke fama da shi. A 1984 suka buɗe hanyar ƙafa mai tsawon kilomita 70 wadda ta tashi daga Mui Wo, ta haye ƙololuwar Lantau mai tsayin mita 934, ta zagayo ta dawo garin. Sun raba ta kashi 12, domin mai ƙarfi ya yi doguwar tafiya, dattijo kuma ya ɗauki gwargwadon abin da zai iya. Abin da ya fi burge ni a tsarin shi ne turakun da suka kakkafa a kowace mita 500, kowane da lambarsa, ta yadda wanda ya ɓata ko ya ji rauni zai buga waya ya faɗi lambar turken da ke kusa da shi, masu ceto su nufo shi kai tsaye. Masu keke kuwa an ware musu nasu hanyoyin, kuma a cikin wuraren da aka keɓe doka ba ta yarda su hau keke ba sai a kan waɗannan hanyoyi.

Ba mu da teku, ba mu da irin dukiyarsu, Kufena kuma bai kai tsayin duwatsunsu ba. Amma idan aka duba da kyau, ainihin aikin iyaka ce da aka shata aka tsaya a kanta, sai turaku da alluna da mutanen da ke kula. Magini ɗaya da ’yan buhunan siminti za su iya kafa turakun, a sassaƙa matakala a wurare biyu ko uku masu santsi, a ɗaura igiyar riƙewa inda gangaren ya yi tsanani. Hanyar keke ba ta buƙatar kwalta, domin hanyoyin gona da ke zagaye da gindin dutsen sun wadatar idan aka cike zaizayar da ruwa ya yi, aka kuma hana babura shiga, don kada mai acaɓa da yaro mai koyon keke su haɗu a kwana. Sharaɗin da ba za a tsallake ba shi ne a zauna da manoma da makiyayan wurin tun daga farko, kada hanya ta ratsa shukar kowa, kada kuma ta toshe burtali.

Maganar keke tana da nata nauyin a Zariya. Iyayenmu malaman makaranta da ma'aikatan jirgin ƙasa da manoma a kan Raleigh suka yi rayuwarsu, daga Sabon Gari zuwa birni, daga birni zuwa gona, kuma kusan kowace unguwa tana da mai faci a gindin bishiya da famfonsa da kwanon ruwan gwada tayar da ta yi huji. Yau keke ya koma abin da ake yi wa kallon alamar rashi, titunan kuma sun cika da babura da Keke Napep har ba uban da zai saki ɗansa a kansu hankali kwance. A lokaci guda hawan jini da ciwon suga sun shiga gidajenmu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babba ya motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, likitocinmu ma haka suke faɗa wa marasa lafiya, amma ba sa iya gaya musu inda za su je su yi. Ga wurin nan Allah ya ajiye mana a bakin gari.

Na san za a kawo batun tsaro, kuma gaskiya ne, domin unguwannin gefen Zariya sun ɗanɗana masifar masu garkuwa da mutane a shekarun baya, ba wanda zai yi wasa da wannan. Sai dai ina ganin wurin da aka ƙaurace wa ya fi daɗin ɓuya ga mugu a kan wurin da jama'a ke kai-komo, ’yan sintiri na zagayawa, kuma an san wanda ya hau da wanda ya sauko. A sa lokacin buɗewa bayan sallar asuba, a rufe kafin magariba, a ajiye littafin rajista a mashiga. A ware ranar da mata da ’yan makarantar mata za su hau tare da malamansu cikin mutunci, don kada abin ya zama na samari kaɗai.

Sai masu fasa dutse a duwatsun da ke kewaye da garinmu. Wanda ya ga mace zaune cikin rana da guduma tana farfasa tsakuwa, ƙura ta rufe mata gira, ya san ba don marmari take yi ba. Korarsu kawai zalunci ne, barin su kuma asara ce da ba ta gyaruwa, tunda dutsen da aka fasa ba ya tsirowa. A nuna musu wani wuri da ba na tarihi ba, sa'annan ’ya’yansu su zama na farko da za a ɗauka aikin rakiya da gadi da ba da hayar kekuna, domin su ne suka fi kowa sanin lunguna da saƙo-saƙon wurin.

Allah ya taimaki Sarki, dalilin da ya sa na nufo Fada maimakon wata ma'aikata shi ne maganar ƙasa da iyaka a wurinmu ba ta zama sai da bakin hakimi da dagaci da mai unguwa, su kuwa umarnin Mai Martaba suke saurare. Ina roƙon a kira zama guda wanda zai haɗa su da ƙaramar hukumar Zariya, da hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, da malaman jami'a masu binciken kayan tarihin da ke binne, domin su nuna inda ba za a taka ba kafin a ja layin hanya. Idan aka yi zaman da kaka, za a iya auna iyaka a kafa turakun farko cikin rani, kafin ruwan bazara ya sauka. Akwai matasa da yawa a garin nan da za su fito aikin gayya da fatanya da kwanduna ranar da sanarwa ta fito daga Fada, ni ma ina cikinsu.

Allah ya ƙara wa Sarki imani da nasara, ya zaunar da ƙasar Zazzau lafiya.

Naku mai biyayya,
Wani talakanku daga Tudun Wada, Zariya.